Tafiya a jirgin ruwa a gaɓar arewacin Norway: yaya batun sallah, sanyi da jiri?

Tambaya: Malam, ni dattijo ne daga Unguwar Rimi a Kaduna, na yi ritaya bara. Ɗana da ke karatu a Tromso yana so in je mu bi jirgin ruwa ta gaɓar tekun arewacin Norway. Ban taɓa hawa abin da ya wuce kwalekwale a kogin Kaduna ba, kuma an ce rana ba ta faɗuwa a can. Yaya zan yi da sallah, kuma jikina zai ɗauka?

Amsa: Alhaji, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Hanyar da yake nufi ita ce ta jiragen Hurtigruten, waɗanda suka fara aiki tun 1893. Suna tasowa daga Bergen a kudu su kai Kirkenes, gab da iyakar Rasha, suna tsayawa a tashoshi 34. Zuwa kwana shida ne, zuwa da dawowa goma sha ɗaya. Asalinsa jirgin wasiƙu ne da kaya da mutanen ƙauyukan masunta, har yau kuma da sauran wannan ɗabi'a a jikinsa. Wata tashar minti goma sha biyar kawai zai yi ya tashi, kuma ba ya jiran kowa, ba kamar motar Kawo ba da direba zai yi ta danna hon har ka iso.

Batun rana gaskiya ne. A Tromso ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Mayu har bayan tsakiyar Yuli, sannan daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu ba ta fitowa sam. Malamai sun daɗe da duba wannan, suna kafa hujja da hadisin Dujal, inda aka umarci sahabbai su ƙaddara lokutan sallah a yinin da ya yi tsawon shekara. Wasu sun ce a bi garin da ya fi kusa wanda dare da yini ke rarrabewa a cikinsa, wasu suka ce a bi lokacin Makka. Akwai masallaci a Tromso, sai ɗanka ya karɓo maka jadawalinsu, ka kuma zauna da malaminka kafin ka tashi, har da hukuncin ƙasaru. Alƙibla ma za ta ba ka mamaki. Mu nan gabas muke dubawa, can kuwa kudu ce, ta ɗan karkata gabas. Jirgi na juyawa tsakanin tsibirai, don haka ka duba manhajar waya daf da kabbara.

Ni da za ka ji tawa, ka je a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba. Dare ya dawo, rana na fitowa tana faɗuwa, hunturu bai kankama ba.

Jiri ba zai dame ka kullum ba, domin galibin hanyar tana bayan tsibirai ne, ruwan a kwance. Inda ake jijjiga shi ne buɗaɗɗen teku, kamar yankin Stad, da mashigin Vestfjord kafin tsibiran Lofoten, da can ƙurya wajen tekun Barents. Ka nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, ka kuma sa likitanka ya zaɓa maka maganin jiri in kana shan na hawan jini.

Sanyi kuwa, tsakiyar bazararsu kamar asubahin hunturunmu take, ga iska a kai. Babbar riga ba za ta yi ba, sai suwaita da rigar da ruwa ba ya ratsawa. Abinci da sauƙi, ƙasar kifi ce, amma ka riƙa tambaya, don naman alade na yawan shiga karin kumallonsu. Bizar Schengen, wato ta shiga galibin ƙasashen Turai, za ka nema, ka fara da wuri.