Rada ta nuna ruwa, gona kuma a bushe

Tambaya: Malam, taswirar rada a wayata ta nuna ja, alamar ruwa mai ƙarfi, a kan gonata, amma da na je sai na tarar ƙasa ko laima ba ta yi ba. Ƙarya na'urar ke yi?

Amsa: Ba ƙarya ba ce, kintace ne. Rada ba ta auna ruwan da ya sauka ƙasa. Igiyar rediyo take harbawa cikin hadari, ɗigon ruwa ya mayar mata da amo, sai a juya ƙarfin amon zuwa milimita da lissafin da ake kira na Marshall da Palmer, masana a Kanada da suka yi nazarin girman ɗigon ruwa a 1948. Ma'aunin ƙarfin amon shi ake kira dBZ. A wannan lissafi, dBZ 30 kusan milimita 3 ne a awa, 40 kusan 12, 50 kuma kusan 49.

Inda gizo ke saƙar shi ne girman ɗigo. Ɗigon da ya ninka wani faɗi sau biyu, ruwan cikinsa ninki 8 ne, amma amonsa ninki 64. Don haka 'yan manyan ɗigo, balle ƙanƙara, sai su rina taswira ja alhali ruwan bai kai ya kawo ba. Ga kuma nisa: a kilomita 200 daga rada, igiyarta mafi ƙasa tana ratsa sama kusan kilomita 4 daga doron ƙasa. Abin da ta hango can iska na iya karkatar da shi gonar maƙwabci, ko ya ƙafe kafin ya iso.

Ka kuma lura, launin yana nuna ƙarfin ruwa ne a awa. Milimita 12 a awa, idan minti 15 ya yi ya wuce, 3 ka samu.

Tambaya: To zan iya dogaro da ita in yi shuka?

Amsa: Ni dai ba zan zuba iri kan launin waya ba. Ka yi amfani da ita wajen sanin inda hadari ya dosa, musamman kafin feshi ko zuba taki. Adadi kuwa, nemi gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, ka kafa shi a fili nesa da bishiya, ka riƙa auna zurfin ruwan da rula kowace safiya kana rubutawa. Milimita 1 lita 10,000 ce a hekta. Masana aikin gona da dama kan jira kimanin milimita 20 cikin kwana uku kafin shuka. Ko hakan ya samu, sa fartanya ka tona ka ga iya inda laima ta kai.