Tambaya da Amsa: Tarihin da Ake Faɗa da Wanda Ake Hana Faɗa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin ƙaramar sakandare ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim, tarihi nake koyarwa. A majalisarmu samari kan nuna mana a waya cewa Turawa suna barin a ƙona Alƙur'ani da sunan 'yancin magana, amma wanda ya musanta kisan Yahudawa sai kurkuku. Da gaske ne? Na biyu, na gaya wa ɗalibaina cewa unguwar da ke gabas da garinmu asalinta rinji ce, wato ƙauyen bayi, sai shugaban makaranta ya kira ni ya ce dagaci ya aiko in daina. Yaya zan yi?
Wani malami, daga Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Samarin nan ba su yi ƙarya ba. Tun 1990 Faransa ta yi dokar da ta haramta musanta kisan ƙare dangi da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa. A Jamus laifin yana iya kai mutum ɗaurin shekara 5. A 2006 wata kotu a Ostiriya ta yanke wa David Irving, Baturen Ingila, shekara 3 a kan haka. Amma a 2007 kotun Paris ta wanke jaridar Charlie Hebdo da ta buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), kuma a 2023 da izinin 'yan sanda aka yi taron da aka ƙona Alƙur'ani a ƙofar babban masallacin Stockholm, a ranar Babbar Sallah.

Hujjar Turawan ita ce doka mutane take karewa ba aƙida ba, kuma mai musanta kisan yana share fagen maimaita shi ne. Kisan ya faru, an hallaka Yahudawa wajen miliyan 6, kuma ina roƙonka ka hana samarinku ramawa da cewa ƙage ne, don zaluncin da aka yi mana bai halatta mana ƙarya ba. Sai dai hujjar tasu ba ta gamsar da ni ba. Wanda ya zaɓi ranar Sallah da ƙofar masallaci, ai mutanen da ke ciki yake nufi, kuma su ma tsiraru ne a ƙasar. Denmak ta gane haka, a Disambar 2023 ta haramta wulaƙanta littattafan addini a bainar jama'a.

Faransar da ke kare wancan tarihin ta daɗe tana rufe nata. Ranar 17 ga Oktoba 1961 'yan sandan Paris sun karkashe 'yan Aljeriya masu zanga-zanga, wasu aka jefa su kogi, amma sai a 2012 shugaban ƙasa ya fito ya amsa. A 2005 har doka suka yi a riƙa koya wa yara alherin mulkin mallaka, da surutu ya yi yawa aka soke wannan sashe. Turkiyya kuwa, ƙasar Musulmi, ta gurfanar da marubuci Orhan Pamuk a 2005 don ya ambaci kisan Armeniyawa. Kowace ƙasa inda ke mata ciwo take kafa shinge.

Tambayarka ta biyu ta fi damuna, domin mu ma muna da irin wannan ma'auni biyun. Duk 15 ga Janairu gidajen rediyo suna tuna mana kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa a 1966, kuma ya dace a tuna. To wa ke ba yaranmu labarin Ibo da aka kashe a Kano a shekarar nan, a Sabon Gari da tashar jirgin ƙasa da filin jirgin sama? Dattawan da suka gani da idonsu suna nan a ƙauyukanmu, in ka ɗauko zancen sai su ce a bar kaza cikin gashinta.

Maganar bauta kuwa ta fi kusa da gida. An sayar da mutane a Kasuwar Kurmi. Bayi ne suka noma gandayen Sarkin Kano a Fanisau da wasunsu, wasu kuma suna biyan iyayengijinsu murgu don a bar su su nemi na kansu. Sanarwar Gwamna Lugga ta 1901 ta 'yanta yaran da aka haifa daga Afrilun shekarar ne kawai, ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Ke nan kakan kakan ɗalibinka muke magana, wani ma kusa da haka.

Na taɓa raka neman aure a wani ƙauye kudu da Kano. An kai kuɗin gaisuwa, an raba goro da alawa, an yi fatiha. Ba a daɗe ba wata gwaggon yaron ta ja mahaifinsa zaure ta raɗa masa cewa kakar yarinyar a rinji aka haife ta. Shi ke nan aka fasa, aka ce wai istihara ce ba ta yi kyau ba. Yarinyar nan ta sauke Alƙur'ani, ba wanda ya taɓa jin kanta da kowa. Ka ga ba a manta da tarihin ba, Malam. Ana ajiye shi ne a zaure, a fito da shi ranar neman aure ko neman sarauta, amma in malami ya kawo shi aji a ce yana tayar da fitina. Wannan shirun ba jikokin bayi yake amfana ba.

Duk da haka dagaci yana da nasa gaskiyar, kuma a nan ina ganin ka yi gaggawa. Da ka ambaci unguwa, ka nuna yara da yatsa. Ana fita tara za a samu wanda zai ce wa ɗan'uwansa ɗan bawa, uwar yaron kuma gidan dagaci za ta kai kuka. Binciken abin da ya faru haƙƙinka ne, tozarta mai rai kuwa ba haƙƙin kowa ba ne, ko a Ringim ko a Stockholm.

Ka nemi shugaban makaranta da limamin gari su raka ka wurin dagaci. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Ranka ya daɗe, ba zan sake ambaton unguwa ko gidan kowa ba, amma darasin zan ci gaba da shi." Kada kuma ka tura yara su tambayo wane ne bawan wane. Ka koya musu yadda ake kamo mutane a yaƙi da hari, da yadda bawa ke fansar kansa. Ka gaya musu Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sarautun bayin sarki ne a fadar Kano, masu ƙarfin da hakimai ke shakka. Ka gaya musu Ahmad Baba na Timbuktu, wajen 1615, ya yi fatawa cewa bai halatta a bautar da Musulmin Kano da Katsina da Borno ba, abin da ke nuna ana kama su ɗin. Liman zai ƙara maka da matsayin Sayyidina Bilal.

In dagaci ya ƙi duk da haka, ka tsaya a kan Kurmi da Fanisau, waɗannan ba a ƙasarsa suke ba. Ka rubuto mana yadda kuka ƙare.