In sayi babban inji, ko in sake tsarin ban ruwa?

Tambaya: Ina noman albasa a Aliero. Da hunturu fangali kan daɗe da danshi, amma da shigowar Maris sai ya bushe ƙayau nan da nan. In sayar da injina mai inci biyu in sayi mai inci uku?

Amsa: Malam, ka dakata tukuna. Ruwa in ya ɗumama tsinkewa yake yi, kamar man shanu a kan wuta. Mai zafin digiri 40 kaurinsa kusan kashi biyu cikin uku ne na mai digiri 20, saboda haka saurin ratsa ƙasarsa kan kai ninki ɗaya da rabi. A jigawa, wato ƙasa mai rairayi, abin ya fi muni, domin saiwar albasa yawanci ba ta wuce santimita 30. Duk ruwan da ya zarce nan ya tafi ke nan, ya kuma kwashe maka yuriyar da ka saya da tsada. Babban inji wannan asarar zai ƙara.

Sai ɓarnar da ta fi girma: rana da busasshiyar iska suna zuƙe danshi daga saman ƙasa da ganye. Shawarata, ka shayar da sassafe ko da la'asar sakaliya, kaɗan-kaɗan akai-akai, ka rage girman fangali. Kuɗin injin ka zuba shi a ruɓaɓɓen takin shanu, shi ke riƙe ruwa a jigawa. Washegarin ban ruwa ka tona da hannu ka gani. In can ƙasa jagab yake, ruwan ya yi yawa.

In ka faɗaɗa gona har rana na take tsaka ba ka gama zagaye ba, to nan sayen ya dace. Amma ka tabbatar rijiyarka za ta iya ciyar da shi.

Tambaya: Daga Talata Mafara. Baƙar leda zan saya in rufe gindin tattasai, ko bambaron shinkafa?

Amsa: Da bazara, bambaro, ɗan'uwa. Baƙar leda tana tare danshi, amma tana dafa ƙasa, saiwa ta wahala. Bambaro yana sanyaya ƙasa, ga araha a yankin Bakolori, in ya ruɓe kuma taki ne. Ka dai riƙa leƙa ƙarƙashinsa saboda gara.