Filin Tambaya da Amsa: Me Ake Ci a Zangon Accra?

Wasiƙun wannan mako duk a kan abu ɗaya suka faɗo, wato abincin unguwannin zango na Accra, babban birnin Gana.

Assalamu alaikum. Zan je Accra sarin kaya, kuma zan sami yini guda da babu abin yi. Ana ta ba ni labarin Nima da Sabon Zongo. Ta ina zan fara, me zan ci, kuma da wane lokaci?
Daga wani ɗan kasuwa a Kano

Wa alaikumus salam, Alhaji. Zangon Accra ba guda ɗaya ba ne. Na asali yana tsakiyar gari, wajajen Zongo Lane da Cow Lane da Tudu, kusa da kasuwar Makola. Can ne fatake da malamai suka fara sauka, tare da tsoffin sojojin Hausawa da Turawan Ingila suka kawo daga Legas a farkon shekarun 1870. Da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa babbar kasuwar goro, sai fatake suka ƙara gangarowa kudu. Sabon Zongo kuwa Malam Bako ne ya kafa ta a farkon shekarun 1910, yamma da tafkin Korle, dab da Abossey Okai. Nima ce ƙanwarsu. Ta samo asali a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, wani dillalin shanu, ya sami fili a wurin. Daga baya Zabarmawa da Mosawa da Kotokoli da Dagomba da Wangarawa suka cika ta, Hausa ta zama harshen ciniki a tsakaninsu.

Da yini ɗaya, Nima za ka zaɓa. Sabon Zongo unguwar zama ce, daɗinta sai da mai masauki, kuma cunkoson motoci tsakanin unguwannin biyu zai cinye maka lokaci mai yawa. In da hali ka saita ranar Laraba, ranar cin kasuwar Nima.

Abincin zango da lokaci yake tafiya, wanda ya makara sai dai ya ji labari. Bayan asuba har wajen ƙarfe 9 lokacin koko ne da ƙosai. Nemi wurin da mutane suka yi layi da robobinsu na gida, ka ce a sa maka gyaɗa. Kada ka cika ciki, domin tsakanin 9 da 11 ne za ka nemi waakye, shinkafa da waken da ake ji da ita a duk Gana. Mai waakye da ta amsa sunanta tukunyarta kan ƙare kafin azahar. Ciniki kuwa dalla-dalla ake yi: ka faɗi na sidi nawa (kuɗin Gana) za a zuba, sannan ka lissafa abin da za a ɗora, taliya, garin rogo da aka murza da mai, dafaffen ƙwai, ganda, soyayyen kifi ko ayaba, kowanne da kuɗinsa. Ka ce, "Hajiya, a ganye za a sa min." Faffaɗan ganyen nan irin na alale yana ba ta wani ƙamshi da leda ba ta bayarwa.

Ka tsaya ka dubi abin da ke cikin ganyen kafin ka kai hannu. Wake da shinkafa da karan dafi daga arewa suka gangaro. Baƙin yajin da ke gefe, shito, na ƙabilar Ga ne, 'yan asalin Accra masu bakin teku, shi ya sa kifi ya yi masa yawa. Garin rogo na kudu ne, taliya kuwa shago ne ya kawo ta. Abin da baƙi suka zo da shi da abin da suka tarar, ga su nan a wuri ɗaya, kuma ba wanda ya danne wani.

Azahar ka yi ta a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, ba shi da nisa da Nima. Daga nan tuwo da miyar ayoyo. Da la'asar ka shiga kasuwa, layin hatsi da kayan yaji, ka sha burkina mai sanyi, wato dambun gero a cikin nono, wadda mutanen Burkina Faso suka shigo da ita. Ka kuma ɗanɗana soyayyen wagashi, cukun Fulani da ake daskarar da madararsa da tumfafiya. Bayan magariba sai hayaƙin masu tsire ya tashi a bakin titi.

Na sha gwada waakye a gida, amma kullum garau-garau nake samu, fara sol. Da na ƙara kanwa kuma sai ta caɓe ta yi bauri. Ina matsalar take?
Daga wata uwargida a Zariya

Hajiya, kanwa ba ita ke ba da launi ba. Karan dafi ne ke bayarwa, jan ɓawon karan dawa da ake samu wurin masu kayan ƙamshi ko masu maganin gargajiya. Aikin kanwa shi ne ta fito da jan daga cikinsa, ta kuma tausasa wake. Shi ya sa ƙara ta babu karan dafi bai haifar miki da komai ba sai bauri.

Ga awo na mutum huɗu: wake kofi 1, shinkafa kofi 2, karan dafi guda 8 zuwa 10, kanwa rabin ƙaramin cokali a jiƙa a tace. Ki jiƙa waken awa 4 zuwa 6. Ki wanke karan dafin sosai saboda ƙura, ki sa a ruwa kofi 6 da ruwan kanwar, ya tafasa minti 10 har ruwan ya yi ja wur. Sai ki zuba wake. Nan ne wurin lura: ki bar shi minti 25 zuwa 35, har ki iya murƙushe ƙwaya tsakanin yatsu biyu amma da sauran ɗan tauri a tsakiya. Idan kika sa shinkafa kafin haka, za ta nuna ta bar wake da tauri. Idan kika jira ya nuna luguf, zai fashe ya zama fate kafin shinkafa ta yi.

Ki tsame karan dafin, ki zuba wankakkiyar shinkafa da gishiri. Ruwa ya ɗara ta da gaɓar yatsa ɗaya kawai. Da ya tsotse, ki rage wuta ƙasa-ƙasa, ki rufe ruf, ta turara minti 15 zuwa 20. Juyi ɗaya ko biyu ya isa. Waakye ba warara take kamar garau-garau ba, tana da ɗan laushi da kama jiki, amma kowace ƙwaya a ganta.

Sai shito, wanda in babu shi aikin bai cika ba. Ki markaɗa manyan albasa 3 da citta da tafarnuwa, ki soya a mai kofi 2 kamar minti 20. Ki sa tumatirin gwangwani cokali 3, ya soyu har tsaminsa ya fita. Sannan garin busasshen kifi kofi 1, garin jatan lande rabin kofi, garin barkono rabin kofi, da gishiri. Daga nan kada ki bar gaban tukunya, domin garin kifi saurin kamu gare shi, kuma in ya ƙone ɗacin ba ya gyaruwa. Ki yi ta juyawa a ƙaramar wuta wajen minti 40, har ya yi duhu, kumfar ruwa ta daina tashi. Shiton da ya yi fumfuna cikin mako, ruwa ne ya rage a cikinsa ko an sa masa jiƙaƙƙen cokali. Ki zuba a busasshiyar kwalba, mai ya rufe samansa.

Me ya sa kokon Gana ya fi namu yaji da tsami? Ba duk gero ba ne?
Daga wata ɗaliba a Maraɗi

Gero ne, Malama, bambancin wuri biyu yake. Na farko, kayan yaji tare da geron ake niƙa su, kuma ba a yi musu rowa. Ga gero kofi 4 da ya kwana a ruwa, ana sa ɗanyar citta kamar yatsu biyu, kanumfari ƙaramin cokali 1, busasshen barkono 4 ko 5, da ɗan masoro. Na biyu, bayan an tace an bar gasara ta kwanta awa 12 zuwa 24, ba a zubar da ruwan tsamin da ke sama. Shi ake tsiyayewa a tafasa, sannan a dama gasarar da ruwan sanyi kaɗan, a rage wuta, a riƙa zubawa ana juyawa. Gasara mai kauri kashi 1, ruwa kamar kashi 4. In ya tsinke, ruwan bai tafasa sosai ba ko gasarar ta yi ruwa. In ya yi gudaji, hannu ne ya tsaya. A lokacin zafi kada ta wuce kwana ɗaya, tsamin zai fi ƙarfin sukari.

Na ci tuwo a Accra, ya yi laushi da danƙo ba kamar tuwon masararmu ba. Miyar ayoyon kuma tawa ba ta yin yauƙi irin tasu.
Daga wani magidanci a Jos

Garin rogo suke haɗawa, Malam. Ana yin talge da garin masara, a ɗebi kaɗan a ajiye, sannan a tuƙa da masara kashi 2, rogo kashi 1, ana sassautawa da talgen da aka ɗiba. Rogon ne ke kawo danƙo, in ya wuce haka tuwon zai riƙa bin hannu. Miya kuwa, ruwa kaɗan, ɗigon kanwa, daddawa da garin kifi su fara tafasa, sannan yankakken ayoyo, minti 5 zuwa 7 a buɗe, a burge da maburgi. Rufe tukunya da daɗewa a wuta su ke kashe yauƙi, su mai da ganyen baƙi. Mai da tumatir ba sa shiga ciki, jar miyar nama daban ake yi a zuba a kai.

Zan tafi da iyali. Ko duk abincin titi ne za mu iya ci hankali kwance?
Daga wani malamin makaranta a Garwa

A cikin Nima da Mamobi da Sabon Zongo, mafi yawan masu abinci Musulmi ne, kuma mahautan zango ne ke yanka. Da zarar kun fita, Malam, sai da tambaya. Ana sayar da naman alade a fili a wasu unguwannin Accra, kuma mai tsiren da ya kafa teburinsa a ƙofar mashaya yakan gasa nama iri-iri a waya ɗaya. Tambayar wane nama ne, waye ya yanka, ba abin kunya ba ce a can.

Ta fuskar lafiyar ciki, ku ci abin da yake tururi. Waakyen da ta kai yamma a buɗe ku bar ta, haka ɗanyen ganye da kabejin da ake ɗorawa a kai, musamman ga yara. Burkina da fura nono ne, sai wadda ta fito daga firiji da sanyinta, kuma a duba marfin robar bai kumbura ba. Ruwa na kwalba ko na leda mai hatimi. Shito yana da jatan lande, don haka duk wanda jikinsa ba ya karɓar kayan teku ya ce a zuba masa jar miya kaɗai.