Tambaya da Amsa: Me Ke Cinye Bututun Boilarmu?

TAMBAYA: Salam Malam, ina aiki a wani injin gyaran shinkafa a Kura, da buntu muke hura boila, wato tukunyar da ke samar da tururi. Bututun da hayaƙi ke bi kullum a gwiwa, wato inda ya lanƙwasa, yake hujewa, mai walda ya like bayan 'yan watanni ya sake ɓulewa, kuma wallahi ruwa baya taɓa wajen balle ace tsatsa ce. Meye matsalar?

AMSA: Wa alaikumus salam. Tsatsar ce dai ɗan'uwa, amma irin wadda bata buƙatar ruwa. Ƙarfe in ya ɗau zafi sosai iskar oksijin na haɗuwa da shi ya yi ɓawo, irin baƙin ɓawon nan dake zubowa in maƙeri na dukan jan ƙarfe. Abin mamakin shine ɓawon nan kariya ne, yana ƙara kauri iska na kasa kaiwa ga ƙarfen dake ƙasa, cin sai ya ragu.

To ga inda buntu ya shigo. Tokarsa fiye da kashi 80 cikin 100 silika ce, sinadarin yashi kenan, fanka na turo ta da gudu ta zo gwiwa bata iya lanƙwasawa da iskar ba sai ta daki bango ta kankare ɓawon, sabon ƙarfe ya fito fili ya sake yin ɓawo da sauri, toka ta sake kwashewa, haka dare da rana. Kaga da zafi ne kaɗai ko toka kaɗai da bututun ya daɗe, haɗuwarsu ce ke cinye shi. In zafin ƙarfen ya wuce digiri 570 na ma'aunin Celsius kuwa abin ya fi muni, don wani irin ɓawo ne ke fitowa mai saurin kauri.

Ni dai shawarata ku fara da rage gudun fanka kafin ku sake kiran mai walda, don in gudun toka ya ninka biyu cin da take yi yakan kai ninki huɗu ko fiye. Ku sa gwiwa mai faɗin lanƙwasa, a ɗora mata faranti mai kauri daga ciki wanda za a riƙa canzawa. Ƙarfen stainless yana taimakawa saboda sinadarin kuromiyam ɗin cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, ɓawonsa siriri ne mai riƙo, sai dai tsada, kuma shima in toka na gudu sosai zata ci shi.