Amsa kan rigimar kuɗin jinyar tsofaffi a Amurka

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya ko gaskiya ne kyauta ake yi wa tsofaffi magani a Amurka, kuma idan haka ne, me ya sa jam'iyyun Democrat da Republican ba sa gajiya da sa-in-sa a kan kuɗin. Na daɗe ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu a nan ƙasar, ina kuma taya su cike takardun asibiti, don haka ga abin da na sani.

Maganar kyauta dai babu ita. Shirin sunansa Medicare, Shugaba Lyndon Johnson ne ya rattaba masa hannu a 1965 domin waɗanda suka kai shekara 65. Kuɗin kwanciya asibiti daga albashi ake tara su: ana cire wa ma'aikaci kashi 1.45 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara wani 1.45, kuma sai mutum ko abokin aurensa ya yi kimanin shekara 10 yana biya kafin ya samu wannan ɓangaren ba tare da kuɗin wata ba. Ganin likita kuwa tsoho yana biya duk wata, dala 185 a 2025, yawanci daga fanshonsa ake zarewa tun kafin ya shigo hannunsa, amma duk da haka abin da tsofaffi ke biya bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ɓangaren ba, sauran baitulmali ke cikawa.

Tushen rigimar shi ne tsofaffi suna ƙaruwa, suna kuma daɗewa a duniya, alhali ma'aikatan da ke ɗauke da nauyin kowane tsoho sun ragu. Rahoton masu kula da asusun na 2025 ya ce a 2033 ajiyar asibiti za ta ƙare, daga nan abin da ke shigowa kashi 89 cikin ɗari na buƙata kawai zai biya. Babu jam'iyyar da za ta fito fili ta ce a soke shirin, domin tsofaffi sun fi kowa fita zaɓe. Gardamar ita ce wa zai cike giɓin. 'Yan Democrat suna cewa a ƙara wa masu hannu da shuni haraji, a kuma matse kamfanonin magani. 'Yan Republican ba sa son ƙarin haraji, sun fi yarda da gasar kamfanonin inshora, har a 2011 ɗan majalisarsu Paul Ryan ya kawo tsarin da gwamnati za ta ba tsoho wani adadi ya je ya sayi inshora da kansa. Tsarin ya tsallake majalisar wakilai, ya maƙale a ta dattawa. Sai dai kada ka ɗauka kowa na nan daram a gefensa: George W. Bush, ɗan Republican, shi ya ƙara biyan kuɗin magunguna a 2003, kuma a zaɓen 2012 'yan Republican ne suka riƙa zargin Obama da yanke wa Medicare dala biliyan 716.

Ni dai ba na goyon bayan a miƙa wa tsoho kuɗi a ce ya je kasuwa, domin idan tsadar magani ta zarce adadin da aka ba shi, a kansa ragowar za ta faɗa, kuma mutumin da idonsa ya yi rauni, tunaninsa ya fara rikicewa, ba shi ne zai zauna yana gwama takardun inshora ba. Na kula da wani dattijo mai ciwon sukari wanda yakan rage allurar insulin da gangan don kwalba ta kai shi ƙarshen wata, hannunsa na rawa yana ƙirga layukan sirinji. Wata doka da aka yi a 2022, wadda babu ɗan Republican ko ɗaya da ya zaɓa, ta ƙayyade wa masu Medicare kuɗin insulin a dala 35 duk wata, kuma tun daga lokacin ya daina ragewa. Amma 'yan Democrat ma suna da laifinsu, domin sukan nuna kamar za a cike giɓin ba tare da mai matsakaicin albashi ya ji a jikinsa ba, kuma ban gamsu da wannan ba.

Abin da ya fi damuna, wanda ba kasafai ake ambatonsa a yaƙin neman zaɓe ba, shi ne Medicare ba ya biyan zaman dindindin a gidan kula da tsofaffi, iyakarsa kwana 100 na farfaɗowa bayan kwanciya asibiti. Na ga wata baiwar Allah tana kuka a kan takardun banki, bayan an gaya mata sai ajiyar mahaifiyarta ta kusa ƙarewa kafin Medicaid, shirin marasa galihu, ya karɓi nauyin. Shi kuma Medicaid ɗin ne dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu a Yulin 2025 ta rage wa kuɗi, don haka idan kana bibiyar wannan rigima, ka sa ido a kansa kamar yadda kake sa ido a kan Medicare.