Mun cire shi daga guruf, ina zargin ya dawo da wata lamba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne admin na guruf ɗin tsofaffin ɗaliban makarantarmu a WhatsApp. Watan jiya muka cire wani saboda zage-zage. Yanzu wata sabuwar lamba ta shigo, rubutun sak nasa, har yadda yake jera alamar tambaya uku-uku. Jama'a sun ce in fatattake shi. Akwai manhajar da za ta tabbatar min shi ne? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Babu ita, kuma duk wanda ya ce zai sayar maka da irinta, kuɗinka yake so. Abin da WhatsApp ke nuna wa admin bai wuce lamba ba, sai suna da hoton da mutum ya ga dama ya sa.

Wasu za su ce maka a duba adireshin IP, wato lambar da na'ura ke shiga intanet da ita. WhatsApp ba ya nuna maka shi, ko ka gani ma ba hujja ba ce. Adireshin IPv4, wato tsohon tsarin IP, kusan biliyan 4.3 ne a duniya, babban rumbunsa ya ƙare tun 2011, shi ya sa kamfanonin waya ke ɗora masu data da yawa a kan adireshi guda. Kai da wani baƙo a Kano kuna iya fita intanet ta ƙofa ɗaya. Ko a Wikipedia, inda zaɓaɓɓun mutane ke da kayan binciken CheckUser na gano wanda ya dawo da wani suna, kwana 90 kaɗai bayanan ke zama, kuma sai sun haɗa da halayyar mutum kafin su yanke hukunci.

Alamar tambaya uku-uku kuwa, rabin mutanen wayata haka suke rubutu.

Gurufinku na tsofaffin ɗalibai ne, to aikin ya zo da sauƙi. Buga masa waya ka ji muryarsa, ka tambaye shi shekarar da ya gama da wanda ya san shi a ajinsu. In ya amsa, ƙyale shi. Ranar da ya yi zagi, ɗauki hoton saƙon, ka cire shi a kan laifin da kowa ya gani. Amma in kai wancan ya zaga, bar wa wani admin hukuncin, don mai jin haushi kowa kama yake masa da abokin faɗansa.

Sannan ka shiga saitin guruf ka kunna amincewa da sababbin mambobi, wanda WhatsApp ya kawo a 2023, ka kuma sauya link ɗin gayyata, domin tsohon yana hannun wanda kuka cire.